YARON DA KE KWANCE REDIYO

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya, Sabo, Ibadan



  

Kwamiti ya ɗora mana nauyin mu yi magana a kan gyaran kayan lantarki da 'yan ƙere-ƙeren da yaranmu ke yi a gida. To, mu dai ba injiniyoyi ba ne, 'yan kasuwa ne, karatunmu kuma na Islamiyya ne. Amma wanda ya shekara talatin yana sayar da tocila da rediyo da batir, ana dawo masa da wanda ya lalace, shi kuma yana ɗauka ya kai wa mai gyara ya zauna a kan benci yana kallo, ba zai rasa abin faɗa ba.

Jama'a, kusan kowane gida a unguwar nan akwai yaro guda wanda ba a barin rediyo kusa da shi. In aka ajiye tocila, kafin a juya ya kwance ta. In caja ta mutu, ya fasa ya ga abin da ke ciki. Uwarsa na cewa mai ɓarna, ubansa ya ɗauki bulala. Wannan yaron shi ne dalilin tsayuwarmu a gabanku yau, domin muna ganin bulalar nan ta kori masu sana'a da yawa daga cikinmu.

Mu da muka haura hamsin ai mun san abin. Da kara muka fara yin mota, muka koma ta langa-langa da gwangwanin madara, sa'an nan aka kai ga sa mata fitila: ƙwan tocila ɗaya, batirin Tiger Head biyu da aka yar, a shanya su a rana wai su ƙara ƙarfi, a naɗe su da takarda a ɗaure da kyauro. Wasu suka riƙa yin majigi da kwali, su yanka hotunan mutane su haska a jikin farin ƙyalle, yara su biya da ƙwallon goruba ko alewa. Iyayenmu kuwa rediyo ce ta haɗa su da gida. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979. Rediyon Kaduna kuma a kan mita 49 ake kama ta a nan, da kyar, tana zuwa tana ɗaukewa. Wa bai tuna dattijon da zai ɗaura doguwar waya a jikin eriya, ya jefa ta bisa kwanon ɗaki ko ya rataye a bishiya, don ya ji zaɓi-sonka ko sanarwar rasuwa daga Arewa? Wannan ma ƙira ce, ba a dai kira ta da sunan ba. Kuma kada mu manta a garin nan aka buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan, a 1959, zamanin Awolowo. Tun daga lokacin maƙwabtanmu suka riƙa tura 'ya'yansu koyon gyara. Mu muka tsaya a goro da shanu, don a lokacin suna ci da mu, alhamdu lillahi. Unguwar nan tun 1916 take, kuma fatauci ne ya kafa ta. Sai dai kowa a nan ya san goro da shanu ba su ɗaukar yaranmu duka kamar da.

Dubi abin da ya canza. A 2001 wayar salula ta shigo, ana sayen layi kaɗai Naira dubu 20 ko fiye, sai mai hali. Yau mai tura baro ma da tasa a aljihu, kuma kowace waya wata rana sai ta faɗi, ko ta sha ruwa, ko bakin cajinta ya saki. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta kai 1,000. Daga nan janareto ya zama na masu ƙarfi, kowa ya koma neman fitila mai caji da fanka mai caji da sola. A Yunin 2022 kuma gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi shida, mun ga samarin da suka kwararo nan da babura. Ga kaya sun cika gidaje suna lalacewa, ga samari ba aikin yi mai ɗorewa. In an tashi gyara, sai a ɗauka a fita unguwa, a biya wani.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne 'yan jari-bola. Yawancinsu yaranmu ne. Duk wata matacciyar fanka da rediyo da kwamfuta ta garin nan ta hannunsu take bi. Su fasa, su ƙone waya su cire jan ƙarfe, su sayar a kan sikeli. Alhali fankar da aka sayar a kilo, wani lokaci abin da ya mutu a cikinta bai kai girman ɗan yatsa ba.

Bari mu kawo misalai, don kada a ce magana ce kawai.

Fankar sama in ta rage gudu, ko sai an tura ta da sanda kafin ta tashi, sau da yawa ba injinta ne ya ƙone ba. Akwai wani ɗan abu a samanta mai wayoyi biyu, masu gyara na ce masa kafasita, yawanci an rubuta 2.5 a jikinsa. Shi ne ke ba ta ƙarfin tashi, kuma yana gajiya da shekaru. A kashe wuta, a cire shi, a kai kasuwa a sayo mai lamba irin tasa, a mayar. Kuɗinsa bai kai na kwanon abinci biyu ba. Wayar da ta ƙi caji, kafin a ce a canza baki, a leƙa ramin da tocila. Ƙurar aljihu ce ke taruwa ta danƙare, a kashe wayar a sa tsinken sakace a hankali a fitar. Da tsinken itace fa, ba allura ba. Wayar da ta faɗa ruwa kuwa, babban abin da ke kashe ta shi ne gaggawar kunnawa ko sa ta a caji don a ga ko tana yi. A kashe ta nan take, a kai a buɗe a wanke allon cikinta da sifirit. Zancen a binne ta cikin shinkafa ba ya fitar da ruwan da ya shige ciki, tsatsa na can tana cin ta.

Amma inda muke so mu daɗe shi ne fitila mai caji, domin babu gidan da ba a jibge matattu biyu ko uku a ƙarƙashin gado ba, kuma ita ce aikin da ya fi dacewa yaro ya fara da shi. Irin masu arahar nan da ake cusawa a soket kai tsaye, yawancinsu ɗan ƙaramin batirin dalma ne a ciki, mai bolt 4. Ƙwayayen fitilar ba su cika mutuwa ba, suna iya shekaru. Batirin ne ke mutuwa, domin abin da ke yi masa caji bai san ya cika ba, tura masa wuta kawai yake yi har ya bushe. A nan akwai haɗari da ya kamata kowane yaro ya sani: irin wannan fitila tana shan wutar bango ne ba tare da taransifoma a tsakani ba, saboda haka duk wanda ya buɗe ta tana jone ya taɓa cikinta, wutar NEPA ce zai taɓa. A zare ta tukuna.

Gyaran da masu basira ke yi shi ne su cire mataccen batirin, su cire kayan cajin nan gaba ɗaya su yar, su sa batirin litiyam irin wanda ake kira 18650. Sunan ba wani sirri ba ne, awonsa ne: kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Ƙarfinsa bolt 3.7, in ya cika ya kai 4.2, ka ga ya yi daidai da fitilar bolt 4. Sai a haɗa shi da wani ɗan allo da bai fi kan ɗan yatsa ba, mai lamba TP4056, wanda ake jona wa cajar waya. Shi wannan allon ya san batir ya cika, yana kaiwa 4.2 sai ya tsaya, jar fitilarsa ta canza launi. A nemi irin wanda ke da kariya, mai yanke wuta in batirin ya yi ƙasa sosai. Shi ke nan, fitilar da aka yar ta dawo, ta fi sabuwa daɗewa, kuma ana iya yi mata caji da ƙaramar sola ko a mota.

Ina ake samun batirin? Tsohon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, irin na da mai kauri, in aka buɗe yawanci guda shida ne a ciki. Sau da yawa biyu ne suka mutu suka ja wa sauran. Sai a gwada kowanne da mita. Wanda ya nuna ƙasa da bolt 2.5, ko ya yi tsatsa, ko ya lotse, ko yake zafi in ana caji, a rabu da shi, ba a yi masa magani. In kuwa sabo za a saya, to a nan ne idon ɗan kasuwa ke da amfani. Za ka ga an rubuta 9,900 a jikinsa da manyan lambobi, wai yawan wutar da yake ɗauka ke nan. Ƙarya ce tsagwaronta. Na kirki daga manyan kamfanoni bai cika wuce 3,500 ba. Kuma na gaske yana da nauyi, wajen giram 45. In ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar busasshen goro, ajiye musu kayansu. Araha ba ta ado.

Sai dai batirin litiyam ba abin wasa ba ne. In aka huda shi, ko aka bar ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa, ko aka yi masa caji kai tsaye ba tare da allon nan ba, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Kada a zuba shi a aljihu tare da makulli. Kada a daɗe da ɗora masa ƙarfen liƙi mai zafi. Batirin waya da ya kumbura har ya ɗaga murfi, mun ga masu soka masa allura wai iska ta fita. Don Allah a bari. Kuma masu sana'ar cajin waya a shago, masu jera waya hamsin a kan katako su kulle su tafi masallaci, a yi tunani. Shagunanmu a manne suke da juna.

Wannan ya kawo mu ga lissafi, wanda shi ne bambancin mai gyara da mai lalube. Ba shi da wuya, wanda ya iya lissafin huhun goro ya fi ƙarfinsa. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, amfiya yawan wutar da ke gudana, in ka ninka su biyun ka sami wat, watau abin da kaya ke ci. Wutar bango a ƙasar nan bolt 230 ce. Filogi mai ƙafa uku an yi shi ya ɗauki amfiya 13, ka ga wajen wat 3,000 ke nan, iyakarsa. Butar lantarki kaɗai tana cin wajen 2,000, dutsen guga 1,000 ko fiye. In uwargida ta jona su tare a ƙaramin soket mai doguwar waya, ga firij a gefe, me ake jira? Balle irin soket ɗin da ake yi da waya siririya kamar gashi. Ita ma wayar akwai ta jabu: a kankare ta da wuƙa, in jan ya tafi fari ya fito, sanholo ce aka shafa wa jan ƙarfe. Masu aikin waya na gaskiya suna sa mai lamba 1.5 a layin fitilu, mai 2.5 a layin soket. Fiyus kuma da ke cikin filogi, an sa shi ne don ya mutu a madadin gidanka. In ya ƙone, tambaya ita ce me ya ƙone shi. Wanda ya naɗa masa takardar sigari ko guntuwar waya ya mayar, ya kori maigadi ne ya kwanta.

Haka lissafin sola yake, kuma a nan ake cutar mutanenmu sosai. Alal misali mai ɗaki ɗaya yana son fanka mai bolt 12 da ke cin wat 15 ta yi masa awa 8, ka ga 120. Ƙwai uku masu wat 5 su yi awa 5, 75 ke nan. Cajin waya uku, mu sa 30. Jimla 225 a rana. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 40 yana ɗauke da 480, amma batirin dalma ba a shanye shi, rabi ake ci in ana so ya yi rai, watau 240. Ya isa, da kyar. Faifan sola mai wat 100 kuma ba 100 zai riƙa bayarwa daga safe har yamma ba. Mu ƙaddara awa 4 na rana mai kyau, a cire abin da ke zubewa a hanya, a samu wajen 300. To a nan ne wanda ya kwaso lissafin Sakkwato ko Katsina zai sha mamaki, don ranar can ba ita ce ta nan ba. A watan Yuli da Agusta sai a kwana uku a Ibadan hadari bai buɗe ba. Wanda zai haɗa sola a nan ya ƙara girman faifai, kuma kada ya yarda a haɗa masa faifai da batir kai tsaye ba tare da na'urar da ke daidaita caji ba. Yaron da ya iya wannan lissafin a takarda kafin ya taɓa waya, wallahi ba zai rasa abinci a garin nan ba.

Kayan aikin farawa ba su da yawa: mita, ƙarfen liƙi, dalmar liƙi, sukundireba manya da ƙanana, filaya, salatif. Mita ita ce gaba, don ita ce idon mai gyara. Wuta ba a ganinta, da mita ake sanin ko waya ta tsinke a ciki, ko batir na da rai, ko caja na fitar da bolt 5 ɗin da ta yi alkawari. Kuɗin kayan nan duka bai kai na wayar da yawancin samarin nan ke riƙe da ita yanzu ba.

Game da dalmar liƙi akwai abin da muke roƙo. Wadda aka fi samu a kasuwa kashi 60 kuza ce, kashi 40 dalma. Mun sha ganin masu gyara suna riƙe ta da baki saboda hannu biyu na aiki, ko su ajiye ƙarfe su ɓare goro su jefa a baki. Dalma guba ce mai taruwa a jiki a hankali, kuma ta fi yi wa ƙananan yara illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400. Nan kusa da mu kuma, a 2025 hukuma ta rufe wasu masana'antun narka tsofaffin batura a Ogijo ta Jihar Ogun saboda wannan gubar. Saboda haka a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, a yi liƙi inda iska ke shiga, kuma 'yan jari-bola su daina fasa batirin mota a tsakar gidan da yara ke rarrafe.

Akwai kayan da ba na ɗan koyo ba ne sam. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi tana aiki da wutar da ta kai bolt dubu 25 a bayan gilashinta, kuma tana riƙe wuta ko bayan an zare ta. Na'urar ɗumama abinci ma haka, akwai kafasita a cikinta da ke iya kashe babban mutum. Inbata da mitar gida da wayar kan fal, waɗannan sai wanda ya ƙware. In kuma wuta ta kama mutum, kada a cafke shi da hannu, za ta haɗa da kai. A kashe daga babban makunni, in ya yi nisa a ture shi da busasshen itace.

Yanzu sai maganar amana, wadda a ganinmu ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. Rediyon da ba ta da sirri. Waya kuwa gidan mutum ce: hotunan iyalinsa, saƙonninsa, asusun bankinsa. Wanda ya miƙa maka ita ya ba ka lambar buɗewa, ya ba ka makullin ɗakinsa ne. Mai gyaran da ke leƙa hotuna, ko ya cire batir mai kyau ya sa tsoho, ko ya ce ya canza abin da bai canza ba, ya ci amana, kuma malamai na nan za su faɗi hukuncinsa fiye da mu. Shi ya sa muke ganin bai kamata a bar 'yan mata a baya ba. Matan unguwar nan da yawa sun gwammace waya ta mutu da su miƙa ta ga namijin da ba su sani ba. Yarinyar da ta iya canza gilashi da bakin caji, tana zaune a ɗakinta ciniki zai same ta, ko bayan ta yi aure. Hannun da ya iya zanen lalle da ɗinkin hula ba zai kasa liƙa waya ba.

Ɗaya gefen amanar shi ne kayan sata. Wani zai zo da waya mai tsada ya ce ya manta lambar buɗewa, a goge masa, ko ya sayar da ita a rabin kuɗi. Kowace waya tana da lambarta ta shaida mai lambobi 15, in ka danna *#06# za ta fito, kuma da ita jami'an tsaro ke bin sawu. In suka biyo, wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara kamawa. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari, amma mun san yadda abin yake: in yaro ɗaya ya yi laifi ba a kiran sunansa, cewa ake Hausawa sun yi. Mun ga yadda ƙaramar sa-in-sa ta zama gobara a kasuwar Sasa a Fabrairun 2021. Duk yaron da zai buɗe teburin gyara da sunan unguwar nan, ya ajiye littafi, ya rubuta sunan mai kaya da lambar wayarsa da lambar shaidar nan. Wanda ya ƙi a rubuta, ya ɗauki kayansa ya yi gaba.

Wani zai ce, to ina za su koya? Maƙwabtanmu Yarabawa suna da tsari: uba ya kai yaro wurin oga, a yi yarjejeniya, ya yi shekarunsa, ranar da ya gama a yi bikin firidom a ba shi shaida. Inyamurai a kasuwar Alaba ta Legas yaro na yi wa maigida hidima na shekaru, in ya gama a sallame shi da jari. Kasuwar kwamfuta ta Ikeja cike take da waɗanda suka tashi ta wannan hanya, haka kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Mu ma ai da tsarinmu, duk wanda ke zaune a nan wani maigida ne ya ɗora shi a kan fatauci. Abin da ya rage mu yarda cewa sukundireba ma jari ce. Kuma yaranmu na nan suna da abin da na gida ba su da shi: sun tashi da Hausa da Yarabanci da Turancin kasuwa, duk wanda ya zo teburinsu za su yi ciniki da shi da harshensa. Ga bidiyon koyon gyara a YouTube, har da na Hausa, ga wanda zai rage kallon ƙwallo.

Basira kuwa ba a fi mu ba. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarfe, har ya ɗan ɗaga sama, duniya ta ji labarinsa. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, shi ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka. Ba muna cewa kowane yaro zai kai can ba ne. Mu dai ko lasifikar masallacinmu ce ta yi shiru ranar Juma'a, a samu ɗan unguwa da zai duba ya gane ko fiyus ne ko wayar makirfo ce ta tsinke, ba sai ladan ya yi ta ƙwala murya ana jiran Litinin ba.

Ga abin da muke roƙon ƙungiya, ranka ya daɗe. Ɗakin ajiyar nan da ke bayan ofis, wanda kujeru karyayyu suka cika, a share shi a sa tebur biyu da benci. Mu 'yan kasuwar kayan wuta mun yi magana a tsakaninmu, za mu kawo mita da ƙarfen liƙi da sauran ƙananan kaya. Akwai masu gyara a cikinmu da suka yarda su riƙa zama da yara ranar Alhamis da Juma'a bayan la'asar, tunda ba a Islamiyya a ranakun, don kada wani ya ce an raba yaro da karatu. Rana ɗaya ta maza, ɗaya ta mata, iyaye mata su zaɓo wadda za ta riƙa zama da su. Wata uku na farko ba mai taɓa wutar bango, da batir kaɗai za a yi aiki. Wanda ya nuna hannu, ƙungiya ta tsaya masa ta kai shi wurin oga, ta sa ido a kan yarjejeniyar, kada a mai da shi ɗan aike shekara uku bai riƙe ƙarfen liƙi ba.

Ku kuma iyaye, abin da muke nema a wurinku ba kuɗi ba ne. A duba ƙarƙashin gado da bayan ƙofa, a fito da matattun fitilu da tocila da ƙananan rediyo da caja, a liƙa takarda a rubuta sunan mai shi, a kawo ofis kafin taro mai zuwa. Wanda ya gyaru za a mayar wa mai shi, wanda bai gyaru ba a cire kayan cikinsa a koyar da su. Banda tsohuwar talabijin, banda batirin da ya kumbura. Yaron nan kuma da kuka sani, a haɗo da shi, a rubuta sunansa wurin sakatare.